Katin Raihana

"Yara nawa ne a gidan nan 'yan ƙasa da shekara biyar?"

Mahdi ya ɗago kai daga tabarma. Wani saurayi ne riƙe da waya, tsaye a ƙofar gidan Harisu, maƙwabcin Mahdi, ƙafarsa a tsakiyar takalman 'yan gaisuwa.

"Jiya biyu ne," in ji Mahdi. "Yau ɗaya."

Sai a nan saurayin ya durƙusa. "Subhanallahi. Allah Ya sa mai ceto ne."

"Mace ce."

Saurayin ya ce an turo shi Dutsi ne ya ƙirga yaran da suka samu allurar ƙyanda. Unguwar da aka samu giɓi, can masu allura za su koma.

Ƙyandar ce ta ɗauke Raihana, 'yar shekara biyu. Kwana tara Mahdi yana jin tarinta ta katanga. Jiya ya goya su a babur zuwa asibiti a Daura, uwarta Haulatu na rungume da ita a bayansa. Kafin su shiga gari ya daina jin tarin.

Harisu ya shiga ciki ya fito da kati biyu, na Raihana da na yayanta Amadu. Saurayin ya duba.

"Ai an yi musu. Ga sa hannu."

"Ba a yi ba!" Muryar Haulatu ce daga zaure, a dishe. "Tun safe muke layi a ƙofar mai unguwa har azahar, maganin ya ƙare. Matar da ke yin allurar ta karɓi katunanmu ta cike, wai don gobe kada rubutu ya ɓata musu lokaci. Wata uku ke nan muna jiran goben."

"Ka ji," in ji Mahdi. "Rubuta haka."

"Malam, babu gurbinsa. E ne ko a'a. Kuma masu rai kawai ake ƙirgawa."

"To Amadu fa? Shi yana da rai."

"Abin da kati ya ce shi nake sawa. Haka aka koya mana."

Mahdi ya dubi gidajen maƙwabta. Duk layin nan katunansu a cike suke. A wayar yaron nan unguwarsu ta gama, babu mai sake leƙo su.

"In babu kati fa?"

"Sai a tambayi uwar."

Mahdi ya miƙa hannu ya zare katin Amadu, ya ninke shi huɗu, ya cusa a aljihu.

"Ya ɓata. Ga uwar can."

Saurayin ya dubi dattawan da ke tabarma. Kowa carbinsa yake ja. Ya juya wajen zaure.

"Baiwar Allah, an yi wa Amadu allurar ƙyanda?"

"A'a."

Saurayin ya danna a'a a wayarsa. Mahdi ya miƙe ya zura takalmi. "Tashi in raka ka gida na gaba. Su ma nasu ya ɓata."

Harisu yana zaune a kan tabarma. Katin Raihana yana kan gwiwarsa, yana ta miƙar da kusurwar da ta lanƙwashe da babban yatsa.