Ƙanƙarar Nuna wa Baƙi

"Ƙara fesa wa bututun!" in ji mai ɗakin sanyin, yana tsaye a bakin ƙofa, hannu a ƙugu. Ƙanensa na riƙe da tiyo, yana watsa ruwa a kan bututun da ke gaban fankoki, haƙoransa na ta kaɗawa.

Mutumin nan ya tsufa a ajiyar kifi, amma har yau da ido yake auna sanyi. A wurinsa, in ƙanƙara ta lulluɓe bututu ya yi fari fat, to inji na aiki. Hitar da ke narkar da ita lokaci-lokaci ma tuni ya sa an cire, wai wane mahaukaci ne zai kunna wuta a ɗakin sanyi. Yau kuwa Hajiyar da ke kai wa manyan otal-otal kifi za ta zo duba wurin. In ta ƙi kawo ajiyarta, rabin ɗakin zai ci gaba da zama fayau.

"Yaya, wannan ƙanƙara ko a hoto ban taɓa ganin irinta ba," in ji ƙanen, wanda daga yabon yayansa yake cin abinci.

Ita kuwa ƙanƙarar ta riga ta toshe duk kafofin da iska ke ratsawa, ta zame wa bututun bargo. Sanyin ya maƙale a ciki, fankokin suna ta juyi a banza.

Da la'asar Hajiya ta iso. Ya tare ta da fara'a har kunne.

"Hajiya, ɗaga kanki ki ga aiki!"

Ta ɗaga, ta sauke. Ta miƙa tafin hannu gaban fanka, ko gefen mayafinta bai motsa ba. Ta buɗe wani kwali a can ƙurya, ta danna kifi da babban yatsa, yatsan ya lume.

"Bututun kam ya daskare, ba laifi," ta ce tana goge hannu. "Sai dai ni kifi zan ajiye, Malam."

Bayan ta fita ya je shi ma ya danna. Duk kwalayen nan kuwa na mutane ne. Ya daɗe yana kallon ramin da yatsansa ya bari, sannan ya juyo wajen ƙanensa.

"Kira min wanda ya kawo wannan. Kifinsa ne ba ya kama sanyi."