Taurari Biyar a Wayar Uzairu

Wayar Uzairu ta dawo gida a cikin ledar sukari, bayan mai ita ya daɗe a ƙasa. Wani direban lori ne ya kawo ta garinsu, Abu Hujar. Ya ce makiyaya ne suka tsinci gawar a wata bukkar gona suka yi mata sutura. Da alama zazzaɓi ya kwantar da shi yana dawowa da ƙafa daga Sinnar, lokacin da hanya ta rufe. Wace rana ya cika? Direban ya buɗe hannuwa. Makiyaya ba sa yawo da kalanda.

Wannan tambayar ita ta tsaya wa gidan a wuya. Liman ya ce takaba daga ranar rasuwa ake ƙirga ta, ba daga ranar da labari ya iso ba. Ga Huda, matar mamacin, zaune a ɗaki cikin farin mayafi, ba ta san kwana nawa ta ci ba, balle nawa suka rage.

Nawal, yayar Uzairu, ba ta yi kuka ba. Ta jira kukan ya zo, bai zo ba, sai ta tashi ta wanke kofunan shayin masu gaisuwa. Sai a kwana na uku, tana ɗauraye tire, ta tuna da log ɗin da ke cikin wayar.

Bara, da ta baro aikinta a birnin Madani ta dawo gida, ta rubuta wa manoman bakin kogi wata ƙaramar manhaja ta rabon ruwa. Uzairu ne mai kula da injin ban-ruwa, shi ke tura wa masu gonaki saƙo ta cikinta: yau layin wane, gobe na wane. Manhajar ta yi ta maƙalewa, shi kuwa in an tambaye shi me ya faru, amsarsa ɗaya ce: "Ta ƙiya." Da ta gaji da wannan cikakken bayani, sai ta haɗa wa manhajar laburaren log, wato ɗan shirin da ke rubuta abin da ya faru layi-layi, da rana da lokaci. A ƙarƙashin bishiyar maina ta yi saitin, yana tsaye a kanta yana cin gyaɗa. Wayarsa ba ta da wuri, don haka ta ce kuskure kaɗai za a riƙa rubutawa, ban da gargaɗi da ƙananan bayanai. Saƙon da ya kasa fita ta sa shi a layin kuskure.

"Yaya, yanzu duk abin da na rubuta ma mutane sai ki karanta?" in ji shi. "To wallahi ban yarda ba."

"Wa ya damu da shirmenka?" ta ce. Amma ta ƙara layi ɗaya a saitin: duk inda rubutun saƙo zai fito, a rufe shi da taurari biyar, dogo ne ko gajere. Har ta ji daɗin kanta a ranar, don aiki ne mai tsabta.

Da hantsi ta jona wayar a batirin sola, ta haɗa ta da kwamfutarta a ɗakin Huda. Fayil ɗin na nan, babu abin da ya taɓa shi. Ta gangara zuwa ƙarshensa.

Litinin, tara da kwata na safe. Kuskure. Saƙo bai fita ba, babu shabaka, wato sabis na waya. Zuwa ga: Huda. Rubutu: taurari biyar.

Ashe da katin wayarsa ya ƙare, manhajar ruwa ya koma yana gwada tura wa Huda saƙo. Litinin sau shida. Talata sau goma sha ɗaya. Laraba sau huɗu, da tazara mai tsawo a tsakani. Nawal tana karantawa kamar mai duba aikin wani baƙo. Ta ma lura cewa agogon log ɗin daidai yake tafiya, ta ji haushin kanta da ta lura. Alhamis layi ɗaya ne, sha biyu saura na rana. Daga nan fayil ya ƙare.

"Alhamis ce," ta ce. "Sha ɗaya ga watan Yuli. Sai a kai wa liman ya fidda lissafi."

Iya, mahaifiyarsu, da ke bakin ƙofa ta ce, "Halas, shi ke nan. Alhamdu lillahi." Ta fita neman wanda za ta aika masallaci.

Huda ta matso. Ba ta iya Turancin da ke allon ba, amma ta gane sunanta, ga shi nan ya jeru tun daga sama har ƙasa.

"Yaya Nawal, wannan duka ni ce?"

"Ke ce. Sau ashirin da biyu."

"Mi ya ce?"

Nawal ta buɗe wajen ajiyar saƙonni, ko da yake ta san amsar. Ita ta tsara shi: saƙon da bai fita ba, da an rufe manhaja ya goge, don wayar ba ta da wuri. Wajen fayau yake.

"Ba a ajiye ba."

Huda ta ɗora yatsa a kan taurarin layin ƙarshe, ta ƙirga su a hankali. "Harafi biyar ne ke nan. Gajeren abu ne ya faɗi. Ko za mu iya cankowa?"

"Ba harafi biyar ba ne. Ko shafi guda ya rubuta, biyar zai nuna."

"Wa ya yi shi haka?"

Nawal ta dubi allon. Har yanzu ba ta ji komai ba, sai sanyin kwamfutar a tafin hannunta.

"Ni," ta ce.