Kumburin Zama

Ilham malamar firamare ce a Badafi, kuma tana karatun digiri ta waya. In ta taso daga makaranta ta sauke tukunya, sai ta ɗauki kujerarta ta zauna a gindin dalbejiyar tsakar gida, don nan kaɗai sabis yake tsayawa. Daga azahar har la'asar sakaliya tana duƙe a kan waya, ga cikinta na fari ya fara tsufa.

Sai ƙafafunta suka soma kumbura. Takalminta ya daina shiga, ta koma sa silifan mijinta Abdulbasit. Ta ɗauki hoton ƙafar ta tura wa Bushira, abokiyar karatunta da ke Tudun Wada, wadda ba su taɓa haɗuwa ba sai dai murya.

"Zama ne, 'yar'uwa," in ji Bushira. "Duk haka muke fama. Ki riƙa tashi kina zagayawa, in kin kwanta ki ɗora ƙafar a kan matashi, ki sha ruwa sosai."

Ilham ba ta da ƙiwa. Da an gama darasi sai ta miƙe ta zaga gida, da yamma ta taka har bakin gonar masara tana sauraron lacca a kunne. Ƙafar takan ɗan saɓe da safe, kafin yamma ta koma yadda take.

Inna Baturiya, uwar mijinta, ta tsaya a kanta wata rana tana ƙare mata kallo.

"'Yar nan, ƙafa dai na yarda zama ne. To fuskar fa? Da ita kike zama?"

Ilham ta yi dariya. "Inna, ƙiba ce."

"Ki koma awo."

"Jarrabawa muke shiga, Inna. Da na gama zan je, in sha Allahu."

Abdulbasit ma ya ce ta shirya ya kai ta a babur. Ta roƙe shi ya bari sai bayan jarrabawa, don layin awo yini ake yi, ita kuwa shekara guda take wahalar karatun nan. Ya ga yadda ta dage, ya ƙyale ta. Da ciwon kai ya zo, har tana ganin wasu ƙyalƙyali a idonta, sai ta ce hasken waya ne, ta rage shi.

Ranar jarrabawa da hantsi ta zauna a inda ta saba. Ta amsa tambayoyin farko, sannan rubutun ya fara rabuwa biyu. Ta buɗe baki za ta kira Inna, ba ta san ko ta kira ba.

A gadon asibiti ta farka, harshenta duk ciwo, ga robar ƙarin ruwa a hannu. Daga baya aka ba ta labarin yadda ta faɗi tana jijjiga, da yadda aka yi ta neman mota. Ta kai hannu cikinta, ta ji shi ya sauka. Abdulbasit yana zaune a gefe, idanunsa sun kaɗa.

"Ina yake?" ta tambaye shi.

"Namiji ne," ya ce. "Bai zo da rai ba. Mun kai shi tun jiya."

"Ka ga fuskarsa?"

Ya gyaɗa kai.

Ma'aikaciyar jinya ta ce jininta ne ya hau, irin wanda yake kama masu ciki, kuma a wajen awo ake gane shi. A hankali ta faɗa, ba da faɗa ba. Ilham ta juya ta fuskanci bango.

Bayan an sallame ta, wata doguwar mata ta yi sallama a gidan. Da muryarta Ilham ta gane Bushira ce. Ta durƙusa a bakin katifa tana kuka, tana cewa ita ta jawo.

"Ba ki ce kar in je awo ba," in ji Ilham. "Tashi ki zauna, kin sha hanya."

Jami'ar ta ce za ta iya sake jarrabawar baɗi. Ba ta ce za ta yi ba, ba ta kuma ce ta fasa ba. Abin da ya fi damun ta a kwanakin shi ne ruwan nono da ya zo, yana jiƙa mata riga. Inna Baturiya ce take ɗaure mata ƙirji da zane, ta dama mata kunu ba kanwa kamar yadda asibiti suka ce, ta zauna kusa da ita har sai ta shanye.