Ƙarfe a Wuya, Suruki a Gaba

Duk Madarunfa an san Hamisu da ƙarfi, sai dai ƙarfi daban, sanin inda za a sa shi daban. Masunci ne kuma ɗan kokawa, shekara uku yana neman shiga cikin waɗanda za su kare sunan Maradi, ana maido shi gida. A kakar 1994 ya cika talatin da ɗaya. In ya rasa ta bana, sai dai ya koma wa komarsa ya riƙa ba da labarin da can.

Mai rubuta sunayen waɗanda za a kai zaɓe shi ne Mushe Hamza, kamar yadda ake kiran malaman boko a can, malamin wasanni na kwaleji, mutum mai taurin kai kamar jakin amalanke. Shi ya gano ciwon: tuƙin jirgi ya ba Hamisu damtse, amma da kokawa ta yi nisa sai ƙafafu su ci amanarsa. Ya samo sandar ƙarfe daga wata matacciyar mota, ya zuba siminti a bokiti biyu ya kafe su a gefe da gefe, ya ɗora ta bisa gwafa biyu a bayan aji. Wata biyu Hamisu yana saɓa ta yana tsugunawa yana tashi, yana shan faɗa.

"Ba bisa ƙashin wuya ba, bisa naman kahwaɗa! Dugadugai su kama ƙasa. Buɗe gwiwa ta bi yatsu. Cika ciki da iska ka riƙe." Ya kuma zana masa alli a bango daidai tsayin ido. "Nan za ka duba. Inda kai ya tahi, nan baya ka bi. Ka duƙar da kai, ƙarhe ya naɗe ka kamar tabarma."

Ran Alhamis bayan la'asar aka zo gwajin ƙarshe, don washegari takarda za ta tafi Maradi. Mushe ya ƙara nauyi har kilo ɗari da ashirin, ya ce sau uku, baya a miƙe, in ba haka ba babu suna.

Hamisu ya shiga ƙarƙashin ƙarfen, ya ɗaga, ya ja da baya taku biyu. Na farko ya sauka ya tashi lafiya. Na biyu cinyoyinsa suka fara rawa, amma ya tashi. Yana tsaye yana haki, gumi na shiga masa ido, sai ya ji sallama.

Malam Abdurrahman ne, mahaifin matarsa Atika. Labari ya kai masa a Safo cewa mijin 'yarsa yana wasa da ƙarfen da zai karya shi, ya ce bari ya gani da idonsa. Tsohon bai san komai a wannan harka ba, saboda haka ya nemi wuri mai inuwa, ya tsaya jikin bango, fuskarsa ta rufe allin nan ruf.

Shekara shida da aure, Hamisu bai taɓa haɗa ido da mutumin nan ba. In ya hango shi a kasuwa canja hanya yake yi, in ta kama dole ya tuɓe takalmi ya tsuguna, kai a ƙasa, har a gama gaisuwa. Yanzu ga shi tsaye ƙiƙam a gabansa, ba riga, ko sallamar ma bai amsa ba.

"Saura guda," in ji Mushe daga bayansa, don shi bai ga abin damuwa ba. "Sauka!"

Ya sauka. Jiki kuwa ba ya manta tarbiyya: yana kaiwa ƙasa a tsugune gaban suruki, kansa ya sunkuya da kansa. Nan take baya ya lanƙwashe, dugadugai suka bar ƙasa, ƙarfen ya mirgino ya hau masa wuya. Wani zafi ya soke shi a ƙugu.

"Ɗaga kai!" Mushe ya daka tsawa, ya tallabi sandar, amma mutum ɗaya ba ya iya ɗauke wannan kaya daga baya. "Hamisu, ɗaga kai, za ka karye!"

Ya ji shi sarai. Tsoro ya cika shi, na karyewa da na rasa Maradi, amma wuyan ya ƙi. Abin da yake gani kawai takalman tsohon ne, kuma numfashin da ya riƙe ya kusa ƙarewa.

Sai takalman suka motsa. A hankali suka juya, dugadugansu suka fuskanto shi. Malam Abdurrahman ya ba shi baya, ya sa goshi kusa da bango.

Hamisu ya ɗaga kai ya kafa ido a ƙeyar hular. Ƙirji ya buɗe, ya danna dugadugai cikin ƙasa, ya yi wani gurnani da bai san yana da shi ba. Ƙarfen ya tsaya cak a rabin hanya, har Mushe ya fara salati, sannan ya ci gaba da hawa kaɗan kaɗan har gwiwoyi suka miƙe. Suka mayar da shi bisa gwafa, Hamisu ya zube a ƙasa.

Tsohon bai juyo ba. Ya ce, "Mushe, ya tashi?"

"Ya tashi, Baba. Zan rubuta shi."

"Madalla." Ya ci gaba, fuskarsa na bango: "Na so in tahi Maradi in gan shi cikin hili, har na gaya ma mutanen Safo. To ka hwaɗa mishi na hwasa. Kak ya hango ni cikin taro ya duƙar da kai a kada shi. Zan ji a rediyo."

Ya bi jikin bango ya fita ba tare da ya waiwayo ba. Hamisu na zaune a ƙasa, ya bi ƙeyar hular da kallo har ta ɓace.