Sunan da Ke Ƙarƙashin Fenti

Baba Fenta yana bisa tsani, burushi a baki, takardar Sakatare a hannu, ya ƙirga sunayen wakilai karo na uku ya sake samun goma sha ɗaya. Shi kuwa ya san goma sha biyu ne.

Allon da ke gabansa ya girmi rabin ma'aikatan ofishin. Baƙin katako ne, ya kusa taɓa silin ɗin zauren majalisar ƙaramar hukuma. A hagu sunayen shugabannin da suka riƙe garin, a dama na wakilan da aka tura majalisar ƙasa, kowane suna da shekarunsa, duk da fenti mai ruwan zinare. Gobe ƙaramar hukumar za ta cika shekara hamsin da ɓallewa daga babban garin da ke tsallaken kogi, shi ya sa aka kira shi ya sabunta rubutun. Ya kuma ji ana cewa bayan taro za a ɗauki hoton allon a buga sabo da inji, shi kuma wannan a kai shi ɗakin ajiya. Ke nan abin da ba ya kan allo yau ya ɓace har abada.

Kowane suna ya san mai shi. Ga shugaba na farko, wanda ya riƙa yin zaman majalisa a ɗakin ajiyar taki, kansiloli na zaune kan buhuna suna atishawa. Ga wanda ya faɗi zaɓe da ƙuri'a tara ya daina gaisawa da surukansa, don ya ƙirga su tara ne cif. A dama kuma ga wakilin da ya yi zango uku, mutanen gari ba su taɓa jin muryarsa a rediyo ba sai tarinsa sau ɗaya. Baba Fenta bai raina ko ɗaya ba. Kowa ya yi daidai ƙarfinsa, wani ya bar asibiti, wani ya bar abin dariya.

Amma tsakanin wakili na uku da na huɗu akwai gurbi, fili baƙi mai faɗin yatsu huɗu. Matasan ofis sun ɗauka ado ne.

Gurbin Hedimasta ne. Shi ne malamin da ya lura da wani yaro da lissafi ya gagara, amma bangon littafinsa cike da haruffa masu kyau. Maimakon bulala sai ya ba shi rula da alli, ya ce abincinsa yana hannunsa, ya riƙa tsare shi bayan an tashi yana sa shi jan layi. Yaron shi ne Baba Fenta. Hedimasta bai taɓa ba shi fiye da bakwai bisa goma ba, amma da wannan hannun ya yi aure, ya gina gida, ya aurar da 'ya'ya biyar.

Shekara talatin da shida da suka wuce garin ya zaɓi Hedimasta wakili. Kwana arba'in da bakwai ya yi a majalisa. Sau ɗaya ya miƙe, ya yi magana kan gada, ya faɗi yawan mutanen da kogi ya ci a kwalekwale a damina biyu, har aka sa gadar a kasafi. Sai sojoji suka rushe majalisar. A safiyar da Baba Fenta ya hau tsani zai rubuta sunan malaminsa, kantoman da aka turo ya shigo ya ce kada ya ga sunan wani ɗan rusasshiyar majalisa a bango. Baba Fenta ya ji tsoro, ya shafa baƙin fenti ya sauko. Bayan shekara uku aka gama gadar, shi da kansa ya rubuta allon da ya ce kantoma ne ya gina ta. Abin da kawai ya iya shi ne barin gurbi lokacin da ya rubuta wakili na gaba. Kunyar wannan ba ta taɓa sakinsa ba. In ya hango Hedimasta a ƙofar gida, gaisuwa yake yi da sauri ya wuce, shi kuwa dattijon bai taɓa tayar da maganar ba.

Sakatare ya shigo da fayil a hammata. Matashi ne mai tsabta, ba ɗan garin ba, kullum a babur yake tsallako gadar zuwa aiki. Ya gaida Baba Fenta da ladabi, ya yaba aikin, sannan ya ce wannan filin da ke tsakiya a cike shi da rubutun cika shekara hamsin, kada ya fito a hoto kamar giɓin haƙori.

Baba Fenta ya cire burushi daga baki ya sauko a hankali. Ya ce filin yana da mai shi, ya ba da labarin tun daga farko.

Sakatare ya saurara har ƙarshe, ya buɗe fayil ya nuna masa inda ya samo jerin. Daga littafin gwamnati ne, wanda ke rubuta mai riƙe da kujera a ƙarshen kowace shekara. Wanda ya shiga ya fita a cikin shekara guda ba zai fito ba. Tsofaffin takardun ofis kuwa gara ta riga kowa karanta su.

"Baba, ba ƙaryata ku nake yi ba," in ji shi. "Amma in na bari aka rubuta suna babu hujja, jibi kowa zai zo min da kakansa."

Baba Fenta bai ga laifinsa ba, gaskiya ya faɗa. Ya tsaya yana kallon gurbin. Yau ga bakin magana ya samu, ga shi babu takarda. Sai idonsa ya faɗa kan tsohuwar ƙusar da ke cikin akwatin kayan aikinsa.

Hedimasta ya koya masa cewa alli yana gogewa, mai aikin kirki da ƙarfe yake fara zana harafi kafin fenti ya hau. Tun daga nan bai taɓa rubuta suna ba sai ya fara karce siffarsa a jikin katako da bakin ƙusa. A waccan safiyar ma ya riga ya karce kafin kantoma ya shigo.

"Ɗana, riƙe min tsanin nan," ya ce.

Ya hau da guntun alli, ya kwantar da shi ya goga a kan gurbin daga wannan gefe zuwa wancan, ya sa tafin hannu ya share. Garin allin ya bar saman fenti ya zauna cikin 'yan siraran layuka. Harafi ya fito, wani ya biyo, har sunan ya cika fari a kan baƙi, ga shekara guda tilo a gefensa.

Sakatare ya saki tsanin, sannan ya tuna ya sake kamawa. Da Baba Fenta ya sauko, shi ma ya hau ya duba da kyau. Ya ga fenti hawa-hawa ya kwanta a cikin karcen, ba aikin yau ba ne, ba na bara ba. Ya sa farce a gefen sunan wakili na farko ya ji irin karcen. Da ya sauko sai ya tambaya ko dattijon yana raye. Aka ce yana nan, idanu ne dai suka tafi. Ya tambayi kwatancen gidan, ya ɗauki makullin motar ofis ya fita.

Baba Fenta ya dama fenti. Ya jingina hannunsa da sanda ya bi tsohon karcen, layin da ya ja yana da ƙarfinsa shi ke jan hannunsa yanzu. Kusan awa guda ya yi a kan suna ɗaya. Yana yi yana gode wa Allah da ya bar su su biyun har suka ga yau.

Bayan la'asar suka iso. Autar Hedimasta na riƙe da hannunsa na dama, Sakatare na hagu. Ya tsufa ƙwarai, amma wuyansa a miƙe yake kamar zai kira sunayen 'yan aji. Baba Fenta ya durƙusa ya gaishe shi, sannan ya fito da maganar da ya tanada shekara da shekaru. Ya ce, "Malam, a yafe min."

Hedimasta ya ce ba wannan ya kawo shi ba, an ce masa akwai aikin da zai duba. Masinjoji biyu suka taimaka aka sauko da allon aka jingina da bango. Auta ta kai hannun mahaifinta wurin, tana cewa, "Baba, a hankali, bai bushe ba." Bai kula ta ba. Ya bi haruffan da yatsa ɗaya bayan ɗaya, ya koma farko ya sake bi, yatsan ya yi zinare har gaɓa.

"Layin bai karkace ba," ya ce. "Tara bisa goma."

Baba Fenta ya yi dariya, hawaye na bin furfurar gemunsa. "Malam, ɗayan fa?"

Hedimasta ya goge yatsa a gefen rigarsa.

"Ka kawo aiki a makare."