Turmin Ya Fanna

Malam Talha ya sauko da turmi na biyar ya shimfiɗa a kan tebur. Kaltum ta kama gefen atamfar ta murza tsakanin yatsu biyu, wani farin gari ya fito mata a yatsa.

"Sitati ne," ta ce. "Wanki ɗaya za ta koma tsumma."

"Ikon Allah, hannun Ya Fanna sak!" in ji shi yana dariya. "Yaya jikin nata?"

"Da sauƙi."

Haka ake cewa, haka ta ce. Awa biyu da suka wuce likita ya kira ta barandar asibiti, ya cire tabarau, ya ce ciwon ya gama cin hantar, su kai tsohuwa gida ta huta cikin 'yan'uwa. Makonni ne, in ji shi, sauran sani sai Allah. Kaltum ta yi masa godiya har da rusunawa. Ta tsaya jiran kuka, kukan bai zo ba. Ta koma ɗaki tana neman ta inda za ta fara faɗa wa mahaifiyarta Ya Fanna, sai tsohuwar ta riga ta magana.

"Ke, je ki shagon Talha ki samo min atamfa. Ta kirki. Wadda za ta shekara goma ba ta koɗe ba."

Shekara goma! Kaltum ta ɗauki jakarta ta fito, don ta fi iya tafiya kasuwa a kan buɗe baki.

"Ke" ɗin nan kuwa shi ne sunanta a wurin Ya Fanna shekara arba'in da ɗaya. 'Yar fari ce, kuma tsohuwar ta riƙe kunyar ɗan fari fiye da 'yan garin da ta tarar tun zuwansu Azare daga Gaidam. Ba ta kama sunanta, ba ta yaba ta a gaban mutane, ba ta taɓa miƙa mata ko ɗankwali hannu da hannu ba. Jannatu ƙanwarta ce ake kira da suna, ake zaɓa wa zani. Kaltum ta san al'ada ce. Sanin bai hana abin yi mata ciwo ba, har dai ciwon ya gaji ya kwanta.

Abu ɗaya ta samu a wurinta, shi ma ba koya mata aka yi ba. Ya Fanna ta yi shekaru tana bin gidaje da ƙullin atamfofi, Kaltum na biye da ita tana kallo. A nan ta ga yadda ake ɗaga yadi a rana a duba saƙarsa, a juya baya a ga ko launin ya ratsa, a jiƙa gefe da yawu a goga a farin ƙyalle ko tana zuba. Ga sani har sani, amma ita kanta, malamar firamare, atamfar roba-roba mai arha take ɗaurawa, mai ƙyalli a sati na farko. Yau ma ita ce a jikinta, duk ta koɗe a gwiwa.

Wasu mata uku daga Itas suka shigo haɗa lefe, suka cika shagon da shewa. Duk wadda ta fi ƙyalli ita suke nunawa. Malam Talha ya ciro wata mai manyan furanni ya ce ita ake yayi yanzu, ya juyo da ita wajen Kaltum.

"Malama, ko wannan? Ta shiga gari."

Kaltum ta dube ta. Me zai hana? Duk wadda ta ɗauka a shagon nan, ko mafi arha, za ta fi mai ita daɗewa. Tunanin ya zo mata sarai, bai taɓa mata komai ba, kamar tana karanta sunayen 'yan aji. Sai dai hannunta ya riga ya juya bayan yadin, bayan fari fat.

"Wannan ta yayi ce, Malam. Baɗi war haka kowa ya san shekarunta. Ba ni mai ƙananan zane, mai duhu kaɗan."

Ya hau benci ya laluba can sama, ya sauko da wata koriya mai ƙananan ganye, ya kaɗe ta. Kaltum ta murza, ba gari. Ta fita ƙofa ta ɗaga wa rana, saƙar a cike. Gaba da baya duk ɗaya. Ta jiƙa gefen ta goga a farin hijabinta, hijabin yana nan fari. Ya faɗi farashi, ta biya ba ta taya ba.

Malam Talha ya daina dariya. Ya daɗe yana naɗe turmin a leda.

"'Yar Ya Fanna ba tayi?" ya ce a hankali. "Allah Ya ba ta lafiya, Malama."

"Amin."

A cikin adaidaita ta shirya maganar. Za ta ba ta atamfar, ta bari ta gama dubawa, sannan ta faɗa mata. Ko kuma ta bar ta da shekara gomanta, ta tafi da su. Har aka sauke ta a ƙofar asibiti ba ta zaɓi ɗaya ba.

Ta tarar Jannatu tana haɗa kwanuka da filas, idanunta jawur. Ya Fanna na jingine da filo, ta ƙanƙance, ƙafafunta ko tsakiyar gadon ba su wuce ba. Ta karɓi ledar ba ta dubi mai miƙowa ba. Ta murza gefen. Ta sa Jannatu ta ɗaga mata wajen taga. Ta kai baki, yawun ya ƙi zuwa, sai da aka ɗiga mata ruwa a yatsa ta goga a zanin gado.

"Ba laifi," ta ce. A bakin Ya Fanna wannan babban yabo ne.

"Ya," Kaltum ta fara, "ɗazu likita..."

"A kai wa tela yau. Riga da zani da ɗankwali, ɗinki na mutunci, ban da tarkacen duwatsu. Zanin a bar shi da tsayinsa, kar a rage ko ɗan yatsa. Rigar a buɗa kafaɗa, a ƙara hannu."

"Ya, ai zai ja miki ƙasa."

"Na san tsawona."

Jannatu ta dubi doguwar yayarta mai faɗin kafaɗa, ta toshe baki da mayafi. Tsohuwar ta juya fuska bango.

"Ƙofar nan ba ta rufuwa da kyau, na ji likitanku tun ɗazu," ta ce. "Jannatu, ki gaya wa waccan, da sabulun sanda ake wanke ta, ba na gari ba. A juya bayanta, a shanya a inuwa. Kuma ɗaurawa za ta yi, ba ajiya a akwati ba. Na gaji da ganin malama guda cikin leda."

"To, Ya," in ji Kaltum.

Ta ɗauki turmin ta fita nemo abin hawan da zai kai su gida. A baranda, daidai inda likita ya tsaya, ta ga wani ɗigo ya faɗa kan koren ganyen, wani ya biyo shi. Ta tsaya tana kallonsu kamar ba daga fuskarta suke ba. Sai ta kama gefen hijabinta ta goga wurin, ta ɗaga ta duba.

Ba ta zuba.