Matar da Hephzibah Ta Ƙi Binnewa

Ranar da Anti Celina ta bugo waya ta ce fim ɗin ya fito, kuma za ta zo da shi ranar Asabar, Hephzibah ta ce, "Madalla." Ta kashe wayar, ta zagaya bayan gida, ta kifa bokiti ta zauna a kai har ƙafarta ta sage.

Shekara biyu tana jiran fim ɗin nan. Littafin kuwa sau shida ta karanta shi. Da Turanci aka rubuta shi, amma a gidansu da ke unguwar Television a Kaduna kowa ya san shi da sunan da ta raɗa masa: Ƙasar da Rana Ta Makara. A zauren masoya littafin na cikin waya babu wanda ya kai ta zafi, don ta taɓa rubuta cewa duk mai shirya fim da ya canja ko da launin doki ne bai da tsoron Allah. A fili kuwa, in baƙo ya gaishe ta, silifas ɗinta take kallo ta amsa.

Damuwar ita ce Kaka.

Kaka Jemimah, mahaifiyar babanta, ta yi shekara uku yanar ido ta hana ta gani. Kowace Lahadi in an dawo daga sujada a coci an ci abinci, Hephzibah takan shimfiɗa tabarma a baranda, ta karanta shafi a zuci, sannan ta juye wa Kaka shi da Hausa. Babi ɗaya a mako, babi arba'in da biyu. A duk duniya nan ne kaɗai muryarta ba ta rawa. Labarin wasu yara uku ne, mace ɗaya da maza biyu, da suka tafi tashin rana daga barci, tare da wata tsohuwa mai riƙe da fitilar da ragowar hasken duniya ke ciki. Sunan tsohuwar ya ƙi zama a bakin Kaka, sai ta sa mata Mama Mai Fitila. Yaran ba su dame ta ba. "Ki bar waɗancan marasa jin magana," takan ce. "Me ƙawata ta ce?"

A babi na goma sha tara, a kan wata gada, Mama Mai Fitila ta mutu.

Lahadin da suka iso wurin kuwa, kwana biyu ke nan da dawowar Kaka daga Zonkwa, inda aka binne Mama Hannatu, wadda suka yi shekara talatin suna zama benci ɗaya a zumuntar mata ta coci. Hephzibah ta karanta shafin a zuci, ta ɗago ta ga Kaka ta juyo da kunne tana jira. Sai ta ji bakinta ya ce, "Sai ta faɗi ta bugu a gwiwa."

"Ayya," in ji Kaka. "Ta dama ko ta hagu?"

"Ta hagu."

"Irin tawa ke nan."

Shi ke nan. Saura babi ashirin da uku, kuma Hephzibah ta ɗauki matar nan ta ratsa su da ita ɗaya bayan ɗaya. Aiki ne ba ƙarami ba. In ana yaƙi, sai ta zaunar da ita a gindin dutse tana tsaron kaya. Da aka zo hawan manyan tsuntsaye, marubuciyar uku kawai ta tanada, dole Hephzibah ta ƙaro na huɗu, mai tafiya a hankali. Inda yaran suka zauna suna kukan rashinta, ta ce yaji ne ya shiga musu ido. Kuma tunda Kaka kullum sai ta tambayi abin da ƙawarta ta ce, dole aka riƙa sama mata abin cewa. A ƙarshen littafin ta bar ta zaune a ƙofar birni tana shafa gwiwa, rana na fitowa.

Da ƙarya ce irin ta cin nama a tukunya, da da sauƙi. Amma gidan nan kowa ya san labarin Baba Zakariyya'u, wani dattijo ɗan'uwansu. Shi ne ya ɓoye wa Kaka rasuwar ƙanenta har mako biyu saboda tana kwance asibiti, don tausayi. Yau shekara tara ke nan. In ya zo ya gaishe ta tana amsawa, amma ko ruwan gidansa ba ta ƙara sha ba, kuma in an ambace shi sai ta ce, "Wane?" Hephzibah ta ƙirga: shi mako biyu ya yi. Ita wata takwas.

Ga shi watan jiya an yi wa Kaka aikin ido. Tana gani tar. Lahadi mai zuwa suka shirya fara littafi na biyu, ci gaban labarin.

Daga Laraba zuwa Juma'a Hephzibah ta yi addu'o'i iri biyu. Na farko, kada a kawo wuta. Na biyu, in an kawo, to Allah ya sa masu fim ɗin nan ba su karanta littafin ba. Ta shiga zauren waya ta goge tsohon saƙonta na launin doki, ko zai taimaka.

Ranar Asabar ƙarfe ɗaya na rana aka kawo wuta, irin wadda har firji ya tashi. Anti Celina, ƙanwar babanta, ta sauka daga keke da kayan aikinta na asibiti a jiki, ta soka filas ɗin da fim ɗin ke ciki a bayan talabijin. Kaka ta fito da zanen da take zuwa sujada da shi, ta ɗaura ɗankwali, ta sa baƙin gilashin da likita ya ba ta.

"Mama, falo fa za ki zauna," in ji Anti Celina. "Ba biki za mu ba."

"Yau zan ga ƙawata ido da ido. Da zanen barci zan tarbe ta?"

Aka fara. Hephzibah aka sa fassara, ta zauna a ƙasa jikin kujerar Kaka.

Cikin minti ashirin ta fara samun natsuwa. Masu fim ɗin ba su bar komai a wurinsa ba. Baƙin doki ya zama fari. Yara uku sun koma biyu, an shafe ƙaramin kamar ba a taɓa haihuwarsa ba. An ƙaro wani saurayi mai dogon gashi wanda babu shi ko a bangon littafin, aikinsa kawai ya tsaya a bakin dutse iska na kaɗa shi. Da a wata rana ce, da Hephzibah ta yi kuka don takaici. Yau kuwa duk ɓarnar da suka yi sai ta ce a ranta, ku ƙara.

Da Mama Mai Fitila ta bayyana, Kaka ta cire gilashi ta matso.

"Ta rame," ta ce.

"Haka aka zaɓo ta, Kaka."

"Ba sa ba ta abinci. Ga shi ba ta ɗingishi."

"Ba a zo wurin ba tukuna."

Aka zo wurin. Gada ce dai yadda take a littafin, har da igiyar da ta tsinke ta gefen hagu. Mutanen da suka kasa riƙe launin doki, a nan kam ko wasali ba su canja ba. Kibiya ta sami tsohuwar a ƙirji. Ta miƙa wa yarinyar fitila, ta faɗi maganar da ke shafi na ɗari biyu da goma sha ɗaya, kalma da kalma, ta rufe ido.

"Me ya faru?" in ji Kaka.

"Suma ta yi," in ji Hephzibah, tana kallon silifas ɗinta.

A talabijin yaran suka haƙa rami. Suka sa ta a ciki. Suka mayar da ƙasa, suka jera duwatsu a kai, saurayin mai gashi ya tsaya gefe iska na kaɗa shi.

"A ƙasarsu in mutum ya suma binne shi ake yi?"

Anti Celina, da ba ta san komai ba, ta ce da bakinta cike da gyaɗa, "Mama, ai mutuwa ta yi. Kibiya a nan wurin, ko a gadon asibitinmu ta same ta sai dai haƙuri."

Kaka ta mayar da gilashinta. Saura awa ɗaya da rabi, ta kalle shi duka ba ta ƙara tambaya ba. Tsuntsaye suka zo, guda biyu. Hephzibah ta ci gaba da fassara da murya irin ta mai karanta sanarwa. Da rana ta fito aka fara rubutun ƙarshe, Kaka ta miƙe.

"Celina, mutanen nan ba su karanta littafin ba. Matar nan har ƙofar birni ta kai. Nemo mini lambarsu."

Ƙofar tsira ce a buɗe, Hephzibah ta gan ta sarai. Abin da kawai za ta yi shi ne ta gyaɗa kai. Duk zauren waya ma zai tsaya mata shaida cewa masu fim ba su da amana. Amma Kaka ta juyo tana kallonta da sababbin idanun nan, tana jira, kamar yadda take juyo da kunne a da.

"Sun karanta, Kaka," ta ce. "Nan ne kaɗai suka karanta."

"Ban ji ba."

"A littafin ma ta mutu. A kan gadar. Ni ce na ce gwiwa."

Anti Celina ta daina tauna.

"Tun yaushe?" in ji Kaka.

"Makon da kika dawo daga Zonkwa."

Kaka ta ƙirga da yatsu, ta kai takwas, ta duba yatsun. Sannan ta shiga ɗakinta ta saki labule. Da yamma Hephzibah ta kai mata gwaten acca, ta dawo ta tarar da kwanon a bakin ƙofa yadda ta ajiye shi.

"Ke ma dai," in ji Anti Celina tana ɗaura jaka. "Duk mutanen da za ki ɓoye wa mutuwa a Kaduna, sai Mama? Ki je ki nemi Baba Zakariyya'u ku kafa ƙungiya."

Washegari a coci Hephzibah ba ta ji ko kalma ɗaya ta wa'azi ba. Aka dawo, aka ci abinci. Ba ta ɗauko tabarma ba. Tana wanke kwanuka ta ji an ce daga baranda, "Wadda take da littafi ta zo."

Kaka ce da kanta ta shimfiɗa tabarmar. Ta canja ɗankwali zuwa baƙi. Hephzibah ta zo da littafi na biyu a hannu, Kaka ta dube shi ta ce, "Ba wannan ba. Na farkon. Zauna."

Ta ɗauko, ta zauna.

"Ni ba a gaya mini mutuwa a talabijin, ana cin gyaɗa," in ji Kaka. "Mace ta yi tafiya da ni wata da watanni. In ta rasu, mutum ake aikowa, ya zauna, ya gaishe ni, ya faɗa mini da baki. Ke ce kika san gidan. Faɗa mini yadda ake faɗa."

Hephzibah ta gyara zama.

"Kaka, ina wuni."

"Lafiya lau."

"Ya jiki?"

"Da sauƙi."

"Kaka, sai haƙuri. Mama Mai Fitila ce, Allah ya yi mata rasuwa."

"Ayya," in ji Kaka. "Ayya. Ciwo ta yi?"

Hephzibah ta buɗe babi na goma sha tara. Ta juye shi duka, ba ta tsallake layi ba: igiyar, kibiyar, maganar da ta faɗa wa yarinyar, ramin da yaran suka haƙa da hannu saboda ba su da fartanya. Kaka ta yi kuka, ba mai sauti ba, tana share ido ɗaya a hankali saboda likita ya hana murzawa. A tsakiya ta ambaci sunan Hannatu sau ɗaya, Hephzibah ta yi kamar ba ta ji ba. Wata maƙwabciya da ta leƙo aron turmi ta ga baƙin ɗankwali da hawaye, ta durƙusa ta ce, "Allah ya ba da haƙuri, Mama." Kaka ta ce, "Amin, na gode," ta nuna mata inda turmin yake.

Da aka gama Kaka ta face hanci.

"Zakariyya'u bai taɓa zuwa ya faɗa mini ba," in ji Kaka. "Har yau. Haƙuri kawai yake ba ni." Ta ninke hankicinta. "To ita waccan fa?"

"Wacce?"

"Mai gwiwar. Wadda ta ce wa yaron nan in bai wanke wuyansa ba rana ma ba za ta so ganinsa ba. Wadda ta ce miyar aljanu ba gishiri."

"Ita... ba ta cikin littafin, Kaka."

"Na ji ba ta ciki. Ina tambaya, a ina kika bar ta?"

"A ƙofar birni."

"Zaune a ƙasa, da wannan gwiwar, wata uku." Kaka ta girgiza kai. Ta tura littafi na biyu gefe da ƙafa. "Wannan ya jira. Ranar Lahadi ki kai matar nan gida tukuna. Kuma ba a kan tsuntsu ba, ta gaji da shi. Je ki ɗumamo mini gwaten jiya."